Yadda Za Ka Nuna wa Yara Dalilin da Ya Sa Ƙanƙara ba ta Nutsewa a Ruwa

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare sun sha tare ni da tambaya ɗaya: yaya za a koyar da darasin tasowa da nutsewa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji? Iyaye ma suna yi, musamman bayan azumi, lokacin da yaro ya yi wata guda yana kallon ƙanƙara tana yawo a saman jug ɗin zoɓo, ya tambayi babansa dalili, baban ya ce masa "ai ba ta da nauyi". Wannan amsa ita nake so mu raba yara da ita. Gungumen icce ya fi allura nauyi nesa ba kusa ba, amma gungumen yana tasowa, allurar tana tafiya ƙasa. Abin da ke yanke hukunci shi ne nauyin abu idan aka auna shi mudu da mudu da ruwan da aka saka shi. Yaro ba zai riƙe wannan ba sai ya auna da hannunsa, don haka ga yadda nake tsara aikin daga farko zuwa ƙarshe.

1. Tara kayan aiki

Ka nemi leda uku ko huɗu na fiya wata, sirinji sabo mai ɗaukar mililita 20, ƙaramar kwalbar sifirit daga kemis, kofunan gilashi ko na roba masu haske guda huɗu, bokiti, babbar roba mai faɗi, kwano, gishiri, man gyaɗa kamar rabin kofi, ɗanyen ƙwai biyu, kyandir, rula, maka (alƙalamin rubutu mai kauri), gwangwanin kifi wanda aka cinye, marfin kwalbar lemo, da tsakuwa ƙanana. Ka dafa zoɓo kaɗan ba tare da sukari ba.

Yawancin waɗannan suna cikin gida. Waɗanda za ka saya su ne sirinji da sifirit da ƙwai da fiya wata, kuma duka ba za su girgiza aljihu ba. Abu mai tsada guda ɗaya ne, ƙaramin sikeli na batir mai nuna giram. Kada ka saya don darasi ɗaya. Masu yin kek da masu sayar da kayan ƙamshi suna da shi, ka aro na yini biyu. Sikelin mahauta ko na masu awon hatsi ba zai yi ba, domin bambancin da muke nema na giram takwas ne zuwa goma, shi kuwa ba ya ganin irin wannan.

Gargaɗi: sirinjin ya zama sabo fil a ledarsa, ka cire allurar tun a kemis ka bar ta can. Bakin gwangwanin kifi kuma ka bubbuge shi da dutse har ya daina kaifi kafin ya shiga hannun yaro.

2. Aikin jajibere: daskarar da ruwa

Wannan matakin ana yin sa kwana ɗaya kafin darasi, kuma a gaban yaran, domin idan ka kawo musu ƙanƙara shiryayya za su ɗauka ka yi wata dabara a gida.

Ka ɗora ledar fiya wata a sikeli, wani yaro ya rubuta nauyinta a allo, ya kuma rubuta a jikin ledar. Za ta kai giram 500 ko kusa da haka. Su tattaɓa ta su ji yadda take laƙwas. Sai ka zare sandar turawa ta sirinji, ka toshe ƙaramin bakin da narkakken kyandir, ka tsayar da shi a cikin kofi, ka zuba ruwa daidai kan layin 10. Bayan haka ka sami kwano mai shimfiɗaɗɗen gindi ka zuba ruwa zurfin santimita 6. Zoɓon kuma ka zuba shi a ƙananan marafai ko farantin ƙanƙara. Duka a kai firiza su kwana.

Idan wuta ba ta zama a unguwarku, ka kai wa mai sayar da ƙanƙara ya saka maka a nasa, ka biya shi kuɗin gurbi. Da safe ka ɗauko a kula, ko ka naɗe da buhu da tsumma.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka saka kwalbar gilashi cike da ruwa a firiza don nuna musu za ta fashe. Za ta fashe ɗin. Na taɓa yin haka a firizar maƙwabcina shekarun baya, muka wuni muna tsince ɓarɓashin gilashi daga cikin nama da kayan miya, ƙarshe sai zubar da wasu aka yi. Leda da sirinji suna nuna abu ɗaya ba tare da wannan haɗarin ba.

3. Awon mudu da mudu

Kafin ka fito da ƙanƙara, sai yara sun gane abin da masana ke kira densiti. Ni kan fara da tambayar kasuwa: mudun auduga da mudun yashi, wanne ya fi nauyi? Ba yaron da zai kasa amsa wannan. Mudun ɗaya ne, abin da aka cusa a ciki ne ya bambanta. To densiti ke nan, nauyin abu a cikin ma'auni tsayayye. A aji nakan kira shi "nauyin mudu", sai daga baya in ba su sunan da za su gani a jarrabawa.

Ka ɗora kofi a sikeli babu komai, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. Ka zuba ruwa mililita 100, wato cikin sirinji biyar idan kana da wani sirinjin na biyu, ko ka yi amfani da ƙaramin kofin awon magani. Sikeli zai nuna giram 100. Ka ja layi da maka a inda ruwan ya tsaya, ka zubar, ka goge kofin ya bushe. Yanzu ka zuba man gyaɗa zuwa layin: giram 91 ko 92. Sifirit zuwa layin: wajen giram 80. Idan akwai zuma za ta kai wajen 140.

Ka raba kowane nauyi da 100, ka rubuta a allo manya-manya: ruwa 1.00, man gyaɗa 0.92, sifirit 0.80, zuma 1.40. A bar jerin nan a allo har ƙarshen darasi, domin duk abin da zai biyo baya a kansa za a koma.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa da mayar da sikeli sifili, sai nauyin kofi ya shiga lissafi. Na biyu, duban layi daga sama. Yaro ya durƙusa idonsa ya yi daidai da layin. Ka kuma bar mai ya zama na ƙarshe idan kofi ɗaya gare ka, don ba ya fita da ɗauraya ɗaya.

4. Buɗe kula

Fara da ledar fiya wata. Jiya laƙwas take, yau ta yi tam kamar ganga. Ka goge raɓar da ke jikinta da tsumma, ka ɗora a sikeli nan take. Nauyin jiya ne, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ka bar yara su ɗan yi shiru a kan wannan. Ledar a rufe take, ba abin da ya shiga ba abin da ya fita, amma ta kumbura.

Sai sirinji. Ruwan da ya kwana a layin 10 yanzu ya doshi layin 11. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Ruwa giram 500 yana cin wurin mililita 500, amma idan ya zama ƙanƙara sai ya ci wurin mililita 545. Raba 500 da 545, ka sami 0.92, ko 0.917 idan ana son a tsananta. A ƙara wannan a jerin allo, ƙarƙashin ruwa. Yanzu kafin a jefa komai a bokiti, ka tambaye su: ga ruwa 1.00, ga ƙanƙara 0.92, me zai faru? Su rubuta amsarsu tukuna.

Idan ka bar ledar ta daɗe a waje kafin awo, raɓa za ta ƙara mata giram biyu ko uku, sai wani yaro mai ido ya ce ai ta ƙara nauyi. Ka goge, ka auna da sauri. Sirinjin kuma wani lokaci saman ƙanƙararsa yakan yi ɗan tozo a tsakiya, sai a karanta tsaka-tsaki tsakanin tozon da gefe.

Masu sayar da zoɓo da kunun aya sun san wannan lissafin ba tare da sun shiga aji ba. Gorar da aka cika har wuya tana fitowa daga firiza gindinta a kumbure, ko marfi ya tsage. Idan a gidanku ana wannan sana'a, a riƙa barin kashi ɗaya cikin goma na gora babu komai.

5. Nawa ke sama, nawa ke ƙasa

Ka cika babbar roba da ruwan randa mai sanyi. Ka ɗan jiƙa bayan kwanon nan da ruwa, faifan ƙanƙarar zai sulluɓo. Ka kwantar da shi a ruwa a hankali. Yaro ɗaya ya auna kaurin faifan duka, wani ya auna abin da ya leƙo sama. Idan kaurin ya kai santimita 6 da rabi, abin da ke sama bai wuce rabin santimita ba sai kaɗan. A ruwan sha, kashi 92 cikin 100 na ƙanƙara yana ƙasa, kashi 8 kacal ke waje. Lambar nan ta 0.92 ce ta sake dawowa, kuma haka take ga kowane abu mai tasowa: iccen da nauyin mudunsa rabin na ruwa ne, rabinsa zai nutse.

Dalilin da ya sa na ce faifai mai faɗi shi ne, doguwar ƙanƙara irin ta gwangwanin madara ba ta tsayuwa, kifewa take yi ta kwanta a karkace, awo ya gagara. Kada kuma ka yi amfani da ruwan da ya sha rana a jarka, kafin ka kawo rula gefunan sun zaizaye.

A nan ne wani zai ce, "Malam, ai iskar da ke cikinta ce take ɗaga ta." Tambaya ce mai kyau, domin farin da ake gani a tsakiyar ƙanƙara ƙananan kumfan iska ne. Ka fasa faifan, ka zaɓi ɓangaren gefe wanda yake garau kamar gilashi, ka jefa. Zai taso shi ma. Iskar tana ɗan taimakawa, amma ko babu ita ƙanƙara ba ta nutsewa.

6. Su ji turin ruwa a hannunsu

Har yanzu ba mu ce komai a kan abin da ke riƙe ƙanƙarar a sama ba. Ka rufe gorar roba babu komai a ciki, ka ba yaro ya danna ta cikin bokiti har ta ɓace. Zai ji ruwan yana ture hannunsa, kuma yana ƙara dannawa turin yana ƙaruwa, ruwan bokiti yana hawa. Kowa ya gwada, kada a bar na baya. Idan akwai randa babba ko baho, a gwada da jarka: mai lita 25 sai an ɗora mata nauyin kusan kilo 25 kafin ta nutse. Wanda ya taɓa ganin masunta a bikin kamun kifi na Argungu, kowa rungume da ƙatuwar gora yana shawagi a kanta, ya riga ya ga wannan turin yana ɗaukar ƙato guda.

Yanzu a auna shi. Ka ajiye kwano a cikin busasshiyar roba, ka cika kwanon da ruwa har baki. Ka zuba yashi a ƙaramar gora kamar rabi, ka rufe, ka auna nauyinta. Ka saka ta a kwanon a hankali, ka saki. Za ta taso, ruwa kuma zai malala cikin robar. Ka ɗauke kwanon, ka juye ruwan da ya malala a kofi, ka auna. Nauyinsa zai zo daidai da nauyin gorar, da ɗan bambanci kaɗan.

Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis, masanin nan na birnin Sirakus wanda ya rayu fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam: ruwa yana tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Abu yana shiga ruwa yana kawar da shi, har sai ya kawar da ruwa mai nauyinsa, sai ya tsaya. Idan ya shige gaba ɗaya bai kai ga haka ba, ya tafi ƙasa. Ƙanƙara mai giram 500 tana buƙatar kawar da mililita 500 ne kawai, ita kuwa girmanta 545 ne, saboda haka ragowar 45 ɗin ke leƙowa.

Gargaɗi: kada yatsu su shiga ruwan lokacin saka gorar, su ma suna kawar da ruwa. Kuma kwanon ya cika har sai ya fara ɗiga da kansa, ka goge robar, sannan a fara. Idan ka yi da ƙaramin abu mai giram 20 ko 30 lissafin ba zai fito ba, domin ruwa yakan yi tozo a bakin kwano ya riƙe kansa. Gorar ta kai giram 250 zuwa sama.

7. Kofin da ba ya ambaliya

Wannan ka kafa shi da wuri ka ajiye a gefe, yana ɗaukar lokaci. Ka saka babban gutsuren ƙanƙara a kofi, ka cika da ruwa har baki, ƙanƙarar tana tasowa, kanta ya wuce bakin kofin. Ka tambayi aji: idan ta narke ruwan zai zube? Kusan duka za su ce eh. Ka ajiye kofin a kan busasshen faranti.

Bayan ta narke, ruwan yana nan a bakin kofi inda yake. Ƙanƙarar ta koma ruwa, ta tsuke, ta cike daidai ramin da ɓangarenta na ƙasa yake ciki.

Abu biyu ke ɓata wannan gwaji. Idan ƙanƙarar ta yi yawa har ta zauna a gindin kofi, to ba tasowa take ba, kuma ruwan zai zube. Ka tabbata tana juyawa idan ka taɓa ta. Na biyu shi ne raɓar da ke taruwa a bayan kofi ta gangara faranti, yara su ce ga shi ya zube. Ka nuna musu raɓar tun tana fara fitowa, ko kuma ka bar cika har baki, ka ja layi da maka a tsakiyar kofin a riƙa dubawa.

Manyan ɗalibai kan tambaya, to me ya sa ake cewa narkewar ƙanƙara tana ƙara wa teku ruwa? Ƙanƙarar da ke zaune a kan ƙasa, kamar ta tsibirin Girinlan da nahiyar Antatika da kan manyan duwatsu, ita ce babbar matsalar, domin ba ta cikin tekun tun farko. Ka nuna musu da rariya: ɗora ƙanƙara a rariya bisa kofi mai layi, tana narkewa ruwan yana haye layin.

8. A canza ruwan

Nan ne yara ke gane cewa tasowa magana ce tsakanin abu biyu, abin da aka jefa da abin da aka jefa shi a ciki.

Ka zuba sifirit rabin ƙaramin kofi. Su duba allo: sifirit 0.80, ƙanƙara 0.92. Ka jefa gutsure. Zai tafi ƙasa kai tsaye kamar tsakuwa, har ka ji ƙarar bugunsa a gindin kofi. Ajin kan kaure da hayaniya a nan, domin ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙara ta nutse. Da amsar "ba ta da nauyi" gaskiya ce, da ba ta nutse ba.

Gargaɗi: sifirit yana kama wuta, kuma guba ne idan aka sha. Babu ashana, babu kyandir a kunne a kusa, kuma kofin ba ya barin hannunka. Kananzir ma yana nutsar da ƙanƙara, amma ban yarda a kawo shi aji a kofi ko gorar lemo ba, yara ƙanana suna ɗauka su sha.

Sai ƙwai. Ka saka shi a ruwa kofi ɗaya, kamar mililita 250, zai kwanta a ƙasa, domin sabon ƙwai yana wajen 1.08. Ka cire shi, ka zuba gishiri babban cokali ɗaya, ka juya har ya narke sarai, ka mayar. Ka ci gaba cokali bayan cokali. A cokali na biyu ko na uku zai fara ɗaga kai, sannan ya taso. Ƙwan bai canza ba, ruwan ne ya yi nauyi. Ruwan teku yana wajen 1.025, shi ya sa ƙanƙara ta fi ɗan leƙowa a cikinsa. Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu da Isra'ila ya kai wajen 1.24, mutum yana kwanciya a kansa ba ya nutsewa.

Ka gwada ƙwan a gida tun jajibere. Tsohon ƙwai yana tasowa ko a ruwan sha, saboda ruwan cikinsa yana fita ta ɓawo a hankali, iska tana maye gurbinsa. Iyayenmu mata da wannan suke gane ƙwan zabi da ya kwana biyu. Gishirin da ya taru a gindin kofi bai narke ba kuma ba ya aikin komai, sai an juya.

Na ƙarshe a wannan mataki shi ne wanda na fi so. Ka zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku na dogon kofi, ka tsiyaya man gyaɗa a kai ta gefen kofin har ya yi kauri kamar yatsu huɗu. Ka saka ƙanƙarar zoɓo. Ita da man kusan kunnen doki suke, 0.92 da 0.92, don haka takan tsaya a cikin man, ko ta sauka a hankali ta zauna a kan iyakar mai da ruwa. Ku matso ku zuba ido. Wani jan ɗigo zai fara taruwa a ƙarƙashinta, ya yi ciki, ya yi wuya siriri, ya tsinke, ya gangara cikin man a hankali kamar ƙwayar murjani, ya ɗan zauna a kan iyakar, sannan ya fashe ya bazu ja a cikin ruwan. Abu ɗaya ne, yana daskare yana sama, yana narkewa yana sauka. Idan ka sa sukari a zoɓon, ƙanƙarar za ta yi nauyi ta yi taushi, gwajin ba zai yi kyau ba.

9. A canza siffa

"To Malam, jirgin ruwa fa, ba ƙarfe ba ne?" Ƙarfe yana wajen 7.9, kusan ninki takwas na ruwa. Ka ɗora marfin kwalba a ruwa bakinsa sama, zai taso. Ka saka shi ta gefe, zai nutse. Jirgi ana lissafa shi ne da ƙarfensa da iskar da ke cikinsa gaba ɗaya, kuma idan aka haɗa su, mudunsa bai kai na ruwa ba.

Ka ɗora gwangwanin kifi a roba, yara su riƙa saka tsakuwa ɗaya-ɗaya suna ƙirgawa. Su lura da yadda bakinsa ke matsowa kusa da ruwa. Idan saura kaɗan, ka tsayar da su, ka kaɗa ruwan da yatsa. Ƙaramar igiya ɗaya za ta haye bakin, ruwa ya shiga, nan take ya tafi ƙasa. A sake, wannan karon a tara tsakuwar a gefe ɗaya, zai kife tun bai ɗauki rabin na farko ba.

Ina daɗewa a wannan matakin da gangan. Yaranmu da yawa suna shiga kwale-kwale zuwa kasuwa ko gona a bakin Kwara da Binuwai da sauran koguna, kuma lodin da ya wuce kima yana cikin manyan abubuwan da ke kifar da jirage a ci rayuka. Yaron da ya ga gwangwani ya nutse da ƙaramar igiya zai san abin da ake nufi idan ya ga bakin jirgi saura ɗan yatsa ya taɓa ruwa, zai kuma gane amfanin rigar kariya, wadda ke ƙara wa mutum girma ba tare da ta ƙara masa nauyin kirki ba.

10. Me ya sa ruwa ke kumbura

Sai a ƙarshe nake kawo wannan, bayan sun gani da ido. Yawancin abubuwa tsukewa suke yi idan sun daskare. Ka narkar da kyandir a gwangwani, ka jefa gutsuren busasshe a ciki, zai nutse. Ka bar shi ya huce, za ka ga tsakiyarsa ta lotsa. Kai kaɗai za ka riƙe wannan gwangwanin, kuma sai an fitar da sifirit daga ɗakin an rufe shi.

Ruwa ya saɓa wa wannan. Ka fitar da yara goma sha biyu fili, ka zana da'ira a ƙasa wadda za ta ɗauke su idan sun matsu, su riƙa zagayawa a ciki kafaɗa da kafaɗa. Ruwa ke nan, ƙwayoyinsa suna kusa da juna suna zamewa. Sai ka ce su tsaya cak, shida-shida su riƙe hannu su miƙe shi sosai su yi zobe. Da'irar ba za ta ƙara ɗaukarsu ba, ga kuma fili a tsakiyar kowane zobe. Haka ƙwayoyin ruwa ke yi idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, suna jeruwa a zobba masu kusurwa shida da sarari a tsakiya. Yawan yaran bai canza ba, wurin da suka ci ne ya ƙaru. Ka ja hankalinsu cewa sararin nan babu iska a cikinsa, in ba haka ba za su koma kan amsar da aka riga aka kore a mataki na 5.

Ga manyan aji ka ƙara da cewa ruwa ya fi tsukewa a digiri 4. Saboda haka a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Rasha, tabki daga sama yake daskarewa, ruwan digiri 4 ya kwanta a ƙasa, kifi ya ci gaba da rayuwa a ƙarƙashin rufin ƙanƙara har sanyi ya wuce.

Rabon lokaci

Kada ka cusa wannan duka a darasi ɗaya na minti 40. Mataki na 2 da na 3 rana ɗaya ne. Na 4 zuwa na 7 rana ta biyu, kuma ka kafa kofin mataki na 7 tun shigarka aji. Na 8 zuwa na 10 rana ta uku, da sabuwar ƙanƙara, saboda haka ka bar ta zoɓo a firiza sai ranar. Idan ajin ya haura yara hamsin, ka raba su gida biyar, kowane gida da robarsa da ƙwansa da gwangwaninsa, sikeli da sifirit da kyandir kuwa su zauna a teburinka. A lokacin zafi ka nemi darasin farko na safe, don ƙanƙarar da ta kai azahar a kula ta riga ta zama rabi.